Rasuwar Taguwa, Sandar Sirdin Kekena

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da kuma hannu ɗaya da ya rage mini mai motsi, ni Muhammad Bashir, malamin dabbobi mazaunin Gafasa a ƙaramar hukumar Ajingi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da makiyayan da nake yi wa shanunsu allura, da duk wanda ya taɓa kauce mini a hanya, rasuwar sandar sirdin kekena, wadda aka fi sani da Taguwa. Ta rasu a tsakiyar daminar nan, bayan jinyar da ta daɗe tana ɓoyewa, a bakin kwarin Ɗorawa da ke kan hanyar Balan. Ta rasu a tsaye. Wanda ya san ta zai gane nauyin wannan magana, domin ita aikinta a duniya durƙuso ne.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ita ce ƙarfen da sirdin keke yake zama a kai. Na sauran kekuna ƙarfe ne kawai, a ɗaure shi da noti, inda aka bar shi nan zai tsufa. Ita kuwa bututu biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya, da mai da iska a cikinta, ga siririn kebul ya taso daga wuyanta zuwa wata 'yar liba a kan keken, daidai ƙarƙashin babban yatsan hagu. In ka danna kana zaune, ta sauka da kai. In ka danna ka ɗaga jikinka, ta biyo ka sama. Masu harkar keke a Kano dirofa suke ce wa irinta. Maiɗakina Zuliha ce ta raɗa mata suna, ranar da ta fara ganin sirdin ya sunkuya a tsakar gida na ɗora ƙafa. Ta ajiye muciya ta ce, "Malam, wannan ai taguwa ka sayo, macen raƙumi. Sai ta durƙusa ake hawa."

Ba don ado na neme ta ba. Shekarun baya babur ya kayar da ni a hanyar Gaya, gwiwata ta hagu ta warke a sanƙare. Na rantse ba zan sake hawa babur ba, likita kuma ya ce keke zai yi wa gwiwar kyau. Na sayi keke mai manyan tayoyi, irin na hawan tudu, saboda yashin ƙasarmu. Sai na shiga tsaka mai wuya. In na sauke sirdi ƙasa, gwiwar takan naɗe har ta kumbura kafin na kai Ajingi. In na ɗaga shi yadda ƙafa za ta miƙe, to ƙafata ba ta taɓa ƙasa, kuma duk inda yashi ya kama taya sai na kife da jakar magani. Makiyaya suka fara aika wa wani malamin dabbobi a Gaya, domin saniya mai ciwo ba ta jiran mai ɗingishi. Har na fara tunanin neman a mayar da ni aikin tebur a ofis.

Ƙanena Da'u, wanda yake koyarwa a firamare a Balan, shi ya fara nuna mini irinta a wayarsa, wasu mutane suna gangarowa daga dutse sirdinsu yana sauka yana tashi. Muka kai wa Usaini mai gyaran keke a Gaya. Ya kalla, ya sake kalla, ya ce shi ma yau ya fara gani, amma in akwai ta a ƙasar nan za a same ta wajen masu kayan keke na hannu a Kano.

Neman aurenta bai zo da sauƙi ba, kuma ina rubuta wannan ne don amfanin masu sha'awa a nan gaba. Kafin mu tashi, ni da Usaini muka zare tsohon ƙarfen muka ga lambar da aka buga a gindinsa, talatin da ɗigo tara, wato kaurinsa ke nan. Muka zura kara cikin ramin keken muka ga iya zurfinsa, muka kuma auna daga bakin ramin zuwa inda sirdi yake yi wa ƙafata daidai. Da waɗannan muka shiga mota. A shagon, ta farko da aka miƙo mana kyakkyawa ce, amma ta fi ramin kauri da abin da bai kai kaurin farce ba, kuma wannan ɗan abin ya isa ya hana aure. Ta biyu doguwa ce, mai shagon yana ta yabonta, wai tana sauka fiye da kowacce. Muka gwada ta da karanmu, muka ga ko an cusa ta iya cusawa, in ta miƙe sai ta ɗaga ni sama da inda ƙafata za ta kai feda. Ta uku kebul ɗinta ta ƙasa yake fita, sai keken da aka huda wa hanya ta ciki, nawa kuwa ba shi da wannan huda. Taguwa ce ta huɗu. Tana can ƙasan kwali, da ɗan tabo a wuya, saukarta ba ta kai taƙi guda ba, kebul ɗinta a waje. Ba wanda ya yabe ta. Ta shiga ramin kamar don shi aka ƙera ta.

Marigayiya mai ladabi ce, ba ta da yawan magana. Kalmominta biyu ne duk rayuwarta. In za ta sauka takan ce "fuu", a hankali, kamar tsohuwa ta sami tabarma. In ta miƙe ta kai ƙarshe takan ce "tak", sau ɗaya, ba ta maimaitawa. Da wannan "tak" nake sanin komai lafiya. A kan hanya mai kyau tana tsaye ƙyam, ƙafata tana miƙewa, gwiwar ba ta ko tuna ta taɓa karyewa. In na hango yashi ko gangara sai na danna tun da nisa, ta sauke ni, na ja jikina baya, ƙafafuna kusa da ƙasa. Ta koya mini cewa ba a neman durƙusonta a tsakiyar gangara, tun a bakin tudu ake nema. A gaban manya ba na dirowa ina tangaɗi kamar da. Nakan danna, na sa ƙafa biyu a ƙasa, na gaishe su a nutse. Wani dattijo a kasuwar Ajingi ya taɓa cewa keken nan ya fi wasu 'ya'yan zamani tarbiyya.

Abin da take buƙata kaɗan ne. A goge mata wuya da tsumma in an dawo, kada yashi ya bi ta ciki. Kada a matse notin ƙugunta da yawa, domin yana shaƙe ta. A bar ta a miƙe in za ta kwana. Abu ɗaya ta tsana, shi ne a ɗaga keke ta sirdi alhali tana durƙushe, domin hakan yana zuƙo iska cikin man da ke jikinta. Wannan kuwa ba yadda za a yi ka hana jama'a. A ƙofar masallaci, a kasuwa, a tasha, duk mai son gyara wa babur ɗinsa wuri sirdin yake cafka ya matsar da keken. Ba na zargin kowa. Ba su san tana jin ciwo ba.

Da ita na koma aikina. Rugagen da suka daina kirana suka dawo da kira. Mun tsallake kwarin Ɗorawa da ita rani da damina, kuma duk shekara kwarin yana ƙara zurfi, ruwa yana cin gefensa, har ɗorawar da aka sa masa sunanta ta fara nuna saiwoyi. Gangararsa ba doguwa ba ce, amma a tsaye take, ga tsakuwa a sama, ga yashi mai laushi a ƙasa. Masu babur sukan zagaya ta titi. Mu masu keke da masu jaki ta nan muke bi, domin zagayen ya ninka hanyar.

Ciwon ajalinta ya fara ne da farkon ruwan bana. Wata safiya na zauna a kanta tana miƙe, sai na ji ta ɗan lotsa, kaɗan, kamar an taka jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bayan nan tashinta ya fara nauyi. Sai na danna na jira, ta taso tana jan jiki, "tak" ɗin ma ya zama kamar na mai mura. Daga baya ya ɓace gaba ɗaya. A madadinsa wata sabuwar murya ta fito, wadda ban taɓa jin ta da ita ba, wani siririn "ƙiii" daga can cikin bututu, a duk lokacin da za ta sauka. Zuliha ta ji shi daga madafa ta ce kada na ƙara danna abin nan kusa da kaji, yana firgita su.

Na kai ta wajen Usaini. Ya zare ta, ya goge, ya canza kebul, ya shafa giris, ya kara ta a kunne ya girgiza. Ya ce iska ta shiga mai, kuma cikinta a rufe yake, ba a buɗe shi, sai dai a sauya shi ɗungurum. Muka aika Kano a nemo, aka ce babu, sai wani kaya ya iso. Na tambaye shi ko na ajiye ta.

"Likita, a ganina iyakarta ta zauna ƙasa ta ƙi tashi," in ji shi. "Ka dawo gida gwiwa na ciwo, shi ke nan. Mai ciwo ai kwanciya yake yi."

Ni ma haka na zata. Duk wanda ya yi jinyar dabba ya san ƙasa take nema in ƙarfi ya ƙare. Ba wanda ya kawo a ransa cewa za ta iya mutuwa a sama.

Ranar da abin ya faru, an kira ni da hantsi daga wata ruga a tsallaken kwarin, saniya ta kasa haihuwa. An yi ruwa da asuba ya ɗauke, amma gabas ta sake yin baƙi, iska ta tsaya cak, tsuntsaye sun yi shiru. Na ɗaura jakar magani na fita. A hanya na gwada ta a fili, ta yi kukanta ta sauka, ta kuma tashi. Da na hango saiwoyin ɗorawa na danna tun da nisa, kamar yadda muka saba. Libar ta shige har ƙarshe. Na saki nauyina a kan sirdi. Ba "fuu", ba "ƙiii", ba komai. Na sake dannawa, tayar gaba ta riga ta leƙa gangarar. Ina can sama kamar wanda aka ɗora a kan rumbu, sirdi ya tokare ni, ba halin ja da baya, ƙafata ba ta kai ƙasa. Na kama burki, tsakuwa ta ja tayar, sai na ga kan keken ya wuce ta ƙarƙashina.

Da na farfaɗo ina kwance a gindin kwarin, kafaɗata ta dama ba ta amsa kira. Keken yana gefe, tayar baya tana juyawa, Taguwa tana nuna sama. Na yi ƙoƙarin tashi, gwiwar ta ƙi. Sai na ji sanyi a bayana. Ruwa ne, siriri, ja, ɗauke da kara da kashin awaki. A lokacin ko yayyafi ba a yi a inda nake, amma can gabas an fara, kuma duk ɗan ƙasar nan ya san abin da yake biyo bayan wannan siririn ruwa a cikin kwari. Na yi kira. Na yi salati. Ruwan ya rufe mini agogo, ya fara ɗaga jakar magani.

Hanne ce ta ji ni, wata Bafulatana mai tallar nono daga rugar da aka kira ni, ita da 'yar uwarta. Suka sauke ƙore a bakin kwarin suka gangaro. Ba ta tambaye ni me ya faru ba. Ta ce, "Likita, ka cije, za mu ja ka." Suka kama ni ta riga da hannun hagu suka ja ni a yashi har sama, ina jin ƙashin yana gogar ɗan uwansa. Ni na roƙe su su koma su ɗauko keken. Hanne ta dube ni ta dubi gabas, ta tsuke baki, amma ta koma. Ba su gama hawowa da shi ba muka ji rugugi, ruwa ya zo da kututture a gabansa, ya cika inda na kwanta har ya fi tsayin mutum. Saniyar da aka kira ni dominta ta mutu da ɗan a cikinta kafin la'asar. Ina miƙa ta'aziyyarta ga masu ita a cikin wannan sanarwa.

An ɗaure mini kafaɗa a asibiti a Gaya aka dawo da ni gida. Keken aka jingine shi a zaure. Taguwa ta yi kwanaki a miƙe, ba mai iya motsa ta, Usaini ya hau da dukan nauyinsa ta ƙi. Sai wata safiya Zuliha ta je shara ta tarar ta sauka da kanta har ƙasa, baƙin mai ya tsiyayo daga wuyanta ya bi jikin keken. Usaini ya zo ya duba, ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Ta tafi. Ka yafe mini, Likita, ban san suna yin haka ba." Na ce masa ba shi da laifi, kuma har zuciyata haka ne.

Marigayiya ta bar sirdi ɗaya, wanda yanzu yake zaune a kan tsohon ƙarfe ba ya ko motsi. Ta bar liba da sabon kebul da bai more ta ba. Ta bar gwiwa ɗaya marainiya, da jakar magani da ruwa ya tafi da ita ba a san inda take ba. Ta kuma bar ƙanwa guda, uwa ɗaya kwali ɗaya, kuma saboda wannan ƙanwa na daure na rubuta doguwar sanarwa da hannun da ba na rubutu ba.

Bayan na sayi tawa ba da daɗewa ba, Da'u ya koma shagon nan ya sayo irinta sak ya ɗaura wa kekensa. Shi ƙafarsa lafiya lau, sha'awa ce kawai da son gudu. A Gafasa yake kwana da iyalinsa, a Balan yake koyarwa, kwarin Ɗorawa kuwa hanyarsa ce safe da yamma. Yanzu ana hutu. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo duba ni. Ina kwance a ɗaki na ji tsayawarsa a ƙofar gida, na kuma ji sirdinsa ya sauka. Ya ce "ƙiii".

Da ya shigo ya zauna na ce, "Da'u, tun yaushe take wannan kukan?"

"Wane kuka, Yaya?"

"Danna ta ka ji."

Ya yi dariya ya ce yashi ne, zai wanke ta. Na tambaye shi ko tana lotsawa in ya zauna. Ya ce kaɗan. Na tambaye shi ko tana cewa "tak" in ta miƙe. Sai ya ce, "Yaya, taka ta sha wahala, kullum daji. Tawa daga gida sai makaranta. Ka kwanta ka huta, faɗuwar ce ba ta sake ka ba."

Na ce ya cire ta ya sa ƙarfe har a sami kayan gyara. Ya ce tunda ya saba da gangara sirdi a ƙasa, ƙarfe ne ma zai kayar da shi. Na ce to ya sauka ya tura in ya zo kwarin. Ya ce malami ba zai shiga aji da taɓo har gwiwa ba. Ya yi mini sannu ya tashi. Na ji kukan ya sake fita a ƙofa, ya fi na farko tsawo.

Washegari matarsa Bara'atu ta zo wajen Zuliha, daga nan ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta gaishe ni. Ta ce, "Yaya, ni na yi magana ya ce ban san keke ba. Jiya da yamma ya danna sau biyu kafin ta sauka, ina kallo ta katanga. Kai yake jin nauyinka. In ba ka yi wani abu ba, ni ban san wanda zai yi ba." Na ce mata nauyin nawa ma an gwada shi bai ɗaga komai ba, amma akwai nauyin jama'a. Shi ya sa nake roƙon duk wanda wannan sanarwa ta kai gare shi, mai shayin bakin tasha, da abokan aikinsa malamai, da masu noma a gefen kwarin, in kun ga Da'u a kan keke ku tsayar da shi ku yi masa ta'aziyya, ku kuma tambaye shi jikin ƙanwar.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar bayan sallar la'asar. Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya ja mini kunne cewa ƙarfe ce, na kuma karɓa. Za a taru a ƙofar gidana a Gafasa, a ɗauke ta a naɗe cikin tsumman da ake goge ta da shi, ni kuma a ɗora ni a amalanke, a tafi bakin kwarin Ɗorawa, daidai inda na danna ba ta amsa ba. Ana roƙon masu rakiya su zo a ƙafa, su kuma tsaya nesa da gefen, domin ƙasar wurin tana zabtarewa. Mata za su zauna karɓar gaisuwa a gida tare da Zuliha da Bara'atu. Ba a buƙatar gudummawa, sai dai wanda ya tsinci jaka mai ruwan ƙasa a gonarsa ya taho da ita.

Usaini zai zo da sifanarsa, da sabon ƙarfen sirdi na gargajiya wanda ya riga ya auna daidai da keken Da'u. Ramin kabarin kuma na sa an haƙa shi da faɗi, zai ɗauki sanda biyu. In Da'u ya zo yana tura kekensa, za mu binne ta tare da ƙanwarta mu dawo gida kafin magariba. In bai zo ba, za mu rufe rabin ramin mu bar rabi. Ranar Litinin ake komawa makaranta, ruwa kuma bai ɗauke ba.

Sanarwa daga Muhammad Bashir, a madadin iyalan marigayiya.